Daga Bauchi zuwa Aberystwyth, garin da ɗiyata ke karatun harsunan Keltawa

A watan Nuwamba na 2024 na bar Bauchi zuwa yankin Wales na ƙasar Birtaniya. Yayana likita ne, ya daɗe yana aiki a wani asibiti a yammacin yankin, can kuma aka haifi 'ya'yansa. Babbar cikinsu, wadda nake kira ɗiyata, tana shekara ta biyu a Jami'ar Aberystwyth, tana digirin farko a fannin harsuna da al'adun Keltawa, wato al'ummomi irin su mutanen Wales da na Ailan. Ni malamin Hausa ne a sakandare, saboda haka da takardar gayyata ta iso, bayan zumunci babu abin da ya tsaya mini a rai kamar in ga wannan karatu da idona.

Kuɗin bizar ziyara ta wata shida fam 115 ne a lokacin, fam ɗaya kuwa ya haura naira dubu biyu. Na je Abuja aka ɗauki hoton yatsuna, na dawo na zauna jira. Da ta fito na sake kama hanya: Toro, Jos, gangaren Hawan Kibo, Akwanga, Keffi, shinge bayan shinge, a leƙo mota a dube mu a ce Allah ya kiyaye hanya. Jakata cike take da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji. Kilishin da Hajiya ta tanada dole aka bar shi, don Yaya ya ja mini kunne cewa ba a shiga ƙasar da nama daga wajenmu.

Jirgi ya yi sama da awa shida kafin mu sauka a Landan. Ma'aikaciyar shige da fice ta tambaye ni wurin wa na zo, wa zai ɗauki nauyina, yaushe zan koma. Na miƙa mata takardu, ta duba, ta buga hatimi. Daga nan na nufi tashar Paddington na shiga jirgin ƙasa mai zuwa yamma. Yaya ne ya saya mini tikiti tun da wuri, wajen fam 50, ya ce da a ranar aka saya da ya kusa ninka haka.

Ba ni da abin faɗa a kan ɓangaren Ingila, barci na yi. Abin da ya tashe ni duhu ne, jirgin ya shiga ramin da aka haƙa a ƙarƙashin kogin Severn, mai tsawon kusan kilomita 7. Da muka fito mun shiga Wales ke nan. Babu shinge, babu mai tambayar fasfo, amma allunan tasha sun canja. Newport ta zama Casnewydd, Cardiff ta zama Caerdydd, Swansea ta zama Abertawe, ko'ina suna biyu, na Welshanci da na Turanci. A babbar tashar Cardiff na ji ana sanarwa da wani harshe da kunnena bai taɓa ji ba, sannan aka maimaita da Turanci. Da Yaya ya ɗauke ni a Carmarthen sai na ga har a bisa kwalta an rubuta ARAF da farin fenti, wato a rage gudu, motar 'yan sanda kuma an rubuta mata HEDDLU.

A gidan Yaya na ci tuwon shinkafa da miyar kukar da na kawo, muka raba dare muna hira. A nan na ji yadda abin ya faro. Makarantar firamaren da ta fi kusa da gidansu da Welshanci ake koyar da komai a cikinta, lissafi da kimiyya da tarihi duka. Suka sa yarinyar tun tana 'yar ƙanƙanuwa, kafin shekara ta zagayo bakinta ya kama. Ƙannenta ma haka, har in suna son ɓoye wa iyayensu magana sai su juya harshe. Yaya ya ce, "Ni likitanci na so mata, ba zan ɓoye maka ba. Amma a asibiti nakan ga tsoho ya kamu da ciwon mantuwa, Turancin da ya yi shekara sittin yana yi ya gudu, ba abin da ya rage masa sai harshen da uwarsa ta yi masa magana da shi. Sai na nemo nas mai jin harshen kafin in san inda ke masa ciwo. Tun daga nan na daina ganin karatun nata wasa ne."

Babu jirgin ƙasa tsakanin Carmarthen da Aberystwyth, tun 1965 aka daina ɗaukar fasinja a wannan layi. Bas na shiga, mai lamba T1, kuɗinsa bai kai fam 10 ba, tafiyar kuma ta haura awa biyu. Hanya ce siririya mai lanƙwasa, tudu da kwari, ciyawa shar ko'ina, ga tumaki ba iyaka. Yawansu ya ninka na mutanen Wales wajen sau uku. Muka wuce Lampeter, muka gangara Aberaeron mai gidaje kala-kala, sai ga teku a hannun hagu.

Gaba da ƙauyen Llanrhystud kaɗan, wata dattijuwa da ke zaune kusa da ni ta taɓa hannun rigata ta nuna mini wani kangon bango a bakin hanya, an shafe shi da jan fenti, an rubuta da fari: Cofiwch Dryweryn. Ta ce ma'anarsa ku tuna da Tryweryn. Wani kwari ne a arewacin Wales, a cikinsa akwai ƙauye mai suna Capel Celyn inda kowa Welshanci yake yi. Birnin Liverpool na Ingila yana bukatar ruwa, sai majalisar dokoki a Landan ta ba shi izini a 1957 ya datse kwarin. A cikin 'yan majalisa 36 masu wakiltar Wales babu ko ɗaya da ya goyi baya, duk da haka doka ta wuce. A 1965 ruwa ya shanye gidaje da gonaki da makaranta da coci. Sai a 2005 majalisar birnin Liverpool ta nemi afuwa. Dattijuwar ta ce tana yarinya aka yi abin, kuma ta ga mahaifinta yana hawaye a gaban rediyo alhali bai taɓa taka ƙauyen ba. A 2019 wasu suka fasa wani sashe na bangon, mutane suka taru suka sake gina shi, sannan rubutun ya bazu a bangaye ko'ina a yankin. Har ta sauka tana magana, ni kuwa na ga cewa a wurin mutanen nan maganar harshe da maganar ƙasar noma da maganar wa ke yanke hukunci a kansu duk abu ɗaya ne.

Ɗiyata na tsaye a tasha, da hijabi da wata ƙatuwar rigar sanyi. Ta rusuna ta ce, "Baffa, sannu da hanya. Ya su Hajiya?" Gaisuwar ta fita daidai. Da hira ta yi nisa ne na ji harshenta yana nauyi, tana neman kalma tana rasawa, tana cike gurbin da Turanci. Minti kaɗan bayan haka ta haɗu da wata ƙawarta a hanya, sai na ji Welshanci yana zuba daga bakinta babu tuntuɓe. Abin ya sosa mini rai. Hausa a gida kawai take jin ta, a kicin da wayar tarho. Welshanci kuwa da shi ta koyi karatu, da shi ta yi jarrabawa, da shi take gardama da dariya.

Na sauka a wani ƙaramin masauki da ke kallon teku, fam 65 kwana ɗaya har da karin kumallo. Karin nasu naman alade ne kan gaba, don haka tun daren farko na gaya wa mai gidan ƙwai da wake da burodi sun ishe ni, ta kuwa kiyaye, har kasko daban take sa mini. Sanyin garin ba irin hunturunmu ba ne mai bushewa. Iska ce mai ɗauke da ruwa take tasowa daga teku, ta ratsa riga ta shiga ƙashi, laima kuma ba ta da amfani don juye ta take yi. Rana na faɗuwa da ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, sai ka ga azahar da la'asar da magariba sun taho a jere, kana idar da wannan lokacin waccan ya kawo jiki. Jami'ar kuma a kan tudun Penglais take, hawan da sai da na tsaya na huta a tsakiya. Dab da magariba dubban ƙananan tsuntsaye kan taru su yi ta juyi a sama kafin su shige ƙarƙashin wata gada da ta miƙe cikin teku, kamar jan-baki in za su sauka a gonar gero.

An buɗe jami'ar a 1872 da ɗalibai 26, a wani gini na bakin teku da aka fara shi a matsayin otal. Na tarar ana gyaransa, an kewaye shi da ƙarafa. Abin da ya burge ni a tarihinta shi ne talakawa ne suka riƙe ta a farkon rayuwarta, manoma da masu haƙar ma'adinai suna ba da taro da sisi a coci-coci. Ɗiyata tana kwana a Pantycelyn, ɗakunan kwanan da aka ware wa ɗalibai masu magana da Welshanci. A nan Sarki Charles ya zauna a 1969, lokacin yana yarima, da aka turo shi ya koyi harshen kafin bikin naɗinsa a Caernarfon.

A ɗakin cin abincin wurin ta zana mini karatun nata a takarda. Harsunan Keltawa da suka rage shida ne, gida biyu. Gida ɗaya Welshanci, da harshen Breton na arewa maso yammacin Faransa, da harshen Cornwall. Ɗaya gidan harshen Ailan, da Gaelic na Sikotlan, da harshen tsibirin Man. 'Yan gida ɗaya suna da kama sosai, amma mai jin Welshanci ba ya jin na Ailan ko kaɗan, sai ya koya daga tushe. Ita tana nazarin adabin Welshanci na da da na yanzu, ta fara na Ailan daga baƙi da wasali a shekarar farko, bana kuma ta ƙara da Breton. Ban da harsunan akwai tsofaffin rubuce-rubuce, da tatsuniyoyi da almara, da tarihin yadda harshe ke ja da baya ko ya farfaɗo. Wanda bai iya ko kalma ɗaya ba ma ana ɗaukarsa, akwai ajin 'yan koyo daban.

Ta roƙi malaminta ya bar ni in zauna a aji ɗaya, ya yarda. Ɗalibai ba su kai goma sha biyu ba, sun kewaye teburi, kowa ya karanta layi ya fassara, malam ya tsayar da shi a kan kalma guda a yi ta tono. Ban ji abin da ake faɗa ba, amma na gane salon, don haka ake karatun littafi a zaure a gaban malami. Bayan an tashi malamin ya yi mini bayanin abubuwa biyu da suka fi wahalar da sababbin ɗalibai. Na farko, aikatau ne ke fara zuwa a jimla kafin mai aikatawa. Na ce ai wanda ya yi Larabci ya san wannan. Na biyu, harafin farkon kalma yana canjawa gwargwadon abin da ya gabace ta: Caerdydd, in za ka ce zuwa can sai ta koma i Gaerdydd, in a cikinta ne yng Nghaerdydd. Ɗalibi sai ya yi ta neman kalma a ƙamus bai same ta ba. Na ce masa a Bauchi muna zaune da masu irin wannan, don a Fulatanci mutum ɗaya Pullo ne, da yawa Fulɓe, namiji gorko, maza worɓe. Ya ce masana sun daɗe suna kwatanta harsunan biyu a kan wannan, ko da yake babu dangantaka tsakaninsu.

Inda na fi jin daɗi shi ne waƙa. Suna da wani tsari mai suna cynghanedd, inda baƙaƙen rabin farko na ɗango za su sake dawowa bi da bi a rabi na biyu, ko a saƙa amsa-amo a cikin ɗangon kansa. Ɗaruruwan shekaru ana yin sa, har yau matasa suna koyo. A zamanin sarakunansu mawaƙi ma'aikacin fada ne, dokokin da ake dangantawa da Sarki Hywel Dda na ƙarni na 10 sun faɗi matsayinsa da haƙƙinsa. Aikinsa yabon sarki, da kiyaye asalinsa, da yi masa marsiyya in ya mutu. Duk wanda ya san makaɗan fada a ƙasar Hausa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Bambancin shi ne su an rubuta nasu tun da wuri, an adana, yau ɗalibi yana samun digiri a kansu. Kowace shekara a watan Agusta suna babban taro mai suna Eisteddfod, mako guda ana gasar waƙa da kiɗa da rubutu da Welshanci zalla, gwarzon mawaƙa kuma kujera ake sassaƙa masa. Asalin taron suna kai shi ga wanda aka yi a Cardigan a 1176.

Ƙasa da jami'ar kaɗan Babban Ɗakin Karatu na Wales yake, wanda aka kafa a 1907. Doka ta ba shi ikon karɓar kwafin duk littafin da aka buga a Birtaniya da Ailan. A nan ake ajiye Baƙin Littafin Carmarthen, da aka rubuta da hannu a kan fata wajen 1250, mafi tsufan littafin da ya rage wanda Welshanci ne zalla. Ba kullum ake fito da shi ba, amma an ɗauki hotonsa shafi-shafi an sa a intanet kyauta. Shiga kyauta, katin karatu kyauta, ɗalibar shekara ta biyu tana iya cike takarda a kawo mata rubutun da ya shekara ɗaruruwa. Na tuna da takardun ajami da na Larabci da ke Gidan Arewa a Kaduna, da gidan tarihi na Jos, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da waɗanda suka fi su yawa da ke cikin adudu da gafaka a gidajen malamai, gara da ɗigon ruwa suna cin su. Ba mu rasa abin adanawa ba.

Da yamma ta kai ni gadar Trefechan a ƙasan gari. A watan Fabrairu na 1963 ɗalibai suka zauna a kan gadar suka tare motoci, suna neman a riƙa rubuta sammacin kotu da harshensu. Shekara guda kafin nan marubuci Saunders Lewis ya yi lacca a rediyo yana gargaɗin cewa harshen zai mutu in ba a tashi tsaye ba. Daga nan aka yi ta fafutuka, wasu har gidan yari saboda shafe allunan hanya na Turanci zalla. Aka samu dokar harshe a 1967 da 1993, tashar talabijin ta Welshanci mai suna S4C a 1982, sannan a 2011 harshen ya samu matsayin hukuma. Ta nuna mini hoton wani ɗan katako mai haruffa W.N. da ake rataya wa yaro a wuya a wasu makarantu a ƙarni na 19 in an ji yana Welshanci, ya wuce daga wannan yaro zuwa wancan, wanda aka tashi yana wuyansa ya sha bulala. Na ce mata mu ma mun biya tarar yin banakula a makaranta, har yau kuma akwai inda ake karɓa.

Kada mai karatu ya ɗauka sun gama cin nasara. A 1901 kusan rabin mutanen Wales suna jin harshen. Ƙidayar 2021 ta samu mutum 538,300, wato kashi 17.8 cikin ɗari, ƙasa da na 2011. Gwamnatinsu na son kai wa miliyan ɗaya nan da 2050, alƙaluma kuwa baya suke yi. Mai masaukina ta ce 'ya'yanta duk sun tafi birane neman aiki, gidajen ƙauyensu kuma masu kuɗi daga waje suna saye su mai da su na hutu. Amma dai mutanen da ba su kai yawan wasu unguwannin Kano in an haɗa su ba suna iya karanta shari'a ko tarihi a jami'a da harshensu, su yi magana da shi a majalisa, su cike takardar asibiti da shi. Shi ya sa masu digiri irin na ɗiyata suke samun aikin fassara da koyarwa da jarida. Mu sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce za a yi aikin majalisar tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci in an yi tanadi, har yau ana jiran tanadin. Muna taƙama da yawa, alhali yawan bai sa an rubuta wa tsohuwa takardar magani da Hausa ba.

A daren ƙarshe abokan karatunta suka gayyace ni shayi da bara brith, wani burodi mai busassun 'ya'yan itace da ake jiƙawa a ruwan shayi. Cikinsu akwai wani saurayi daga yankin Brittany na Faransa. Ya ce kakanninsa da Breton suka tashi, amma suka ƙi koya wa 'ya'yansu don kada a raina su a makaranta. Shi a makarantun Diwan ya koya, waɗanda iyaye suka kafa da kansu a 1977. Da ya fara yi wa kakarsa magana da harshen, sai ta riƙa amsa masa da Faransanci. Wata kuma ta kawo labarin tsibirin Man, inda Ned Maddrell, na ƙarshen waɗanda suka tashi da harshen tun daga goyo, ya rasu a 1974. Da yake an naɗi muryarsa da ta wasu tsofaffi kafin su tafi, yau akwai firamaren da ake koyarwa da harshen.

Sai saurayin ya tambaye ni ko Hausa kaɗai ake yi a jiharmu. Na ce a'a, Bauchi na da harsuna da dama, Zaar da Jarawa da Warji da Bole da sauransu. Ya ce yara suna yin su? A nan na yi shiru. Kakata ta wajen uwa 'yar Gerawa ce. Mahaifiyarmu tana jin Geranci sama-sama, ni da Yaya ko gaisuwa ba mu iya ba. Harshen Ajawa kuwa ya daɗe da ɓacewa a ƙasar Bauchi, masu shi sun koma Hausa. Babu wanda ya rataya wa kakata katako. Kasuwa da aure da makarantar allo da gudun a kira mutum baƙauye ne suka yi aikin. A gaban Turanci Hausa ce ake dannewa, amma a ƙauyukanmu ita ce babbar da ke haɗiye ƙanana, kuma ni da nake koyar da ita ban taɓa jin an tayar da wannan magana a ɗakin malamai ba. Ɗiyata ba ta taɓa sanin tana da jinin Gerawa ba sai a wannan dare. Ta yi ta jero mini tambayoyi har aka zo rufe wurin.

Na so in tsallaka Ailan in ga yankunan da har yanzu ake harshen a gida, inda take fatan zuwa wani zangon karatu, amma bizar Birtaniya ba ta shigar da ɗan Najeriya Jamhuriyar Ailan, sai an nemi tasu daban. Na koma ta jirgin ƙasa, ta Machynlleth da Shrewsbury da Birmingham zuwa Landan, tafiyar wajen awa biyar. Ta rako ni tasha, ta ce, "Baffa, in Allah ya kai mu dogon hutu zan zo Bauchi. Ka koya mini Hausa irin ta littafi, ni kuma zan zo da na'urar naɗar murya. A samo mana masu Geranci."

Da na dawo na je wurin kawunmu na kai masa saƙon. Ya ce shi ƙirga da gaisuwa kawai suka rage masa, amma akwai wata gwaggonsu a wani ƙauye a Ganjuwa da har yanzu da shi take magana, ta tsufa ƙwarai, kunnenta ma ya fara nauyi. Mun yi da shi ba za a jira dogon hutu ba, bayan an gama girbi zai raka ni mu fara da wayata.